Ƙafar da Ta Daina Jin Ƙaya: Ciwon Jijiyoyi a Kutemeshi da Ƙauyukan Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa noma a gabashin Birnin Gwari ya san abin da ƙaya take yi wa ƙafa. Kana cikin huɗa, ko kana bin kunya da kwanon taki, sai ka ji caf a diddige. Kafin ka yi tunani ƙafar ta riga ta ɗaga kanta. Ka zauna gindin kaɗanya ka zare ƙayar, ka murza wurin, ka koma bakin aiki. Zafin nan da ya sa ka ɗaga ƙafa ni'ima ce daga Allah, ko da yake ba mai tuna godiya a wannan lokacin. Bahaushe ya ce jiki magayi. To akwai cutar da take rufe wa magayin nan baki. Mutum ya taka ƙaya ko ƙusa ko garwashi, ya wuni da abin a jikinsa bai sani ba, sai da dare mai ɗakinsa ta ga jini a takalmi ko a tabarma.

A asibiti ana kiran matsalar lalacewar jijiyoyin gefe, wato jijiyoyin da suka taso daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suka bazu cikin jiki har kan yatsu. Sai an yi hattara a nan, domin abu uku Hausa take kira da suna ɗaya. Hanyar jini jijiya ce, agarar da ta ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, haka kuma siraran zaruruwan da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Na ukun nan su ne abin maganarmu. Wasunsu ji suke ɗaukowa: zafi, sanyi, taɓi, da sanin inda ƙafa ta sauka. Wasu umarni suke kai wa tsoka ta motsa. Wasu kuma ba sa jiran izinin mutum, su ne masu kula da gumi da bugun zuciya da tafiyar abinci a hanji da riƙon fitsari. Ire-iren lalacewarsu sun haura 100. Binciken da aka yi a ƙasashe dabam-dabam ya nuna kusan mutum 2 cikin 100 suna da ita, a tsakanin waɗanda suka wuce shekara 55 kuwa adadin yakan kai 8 cikin 100.

Kutemeshi ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Birnin Gwari, tana ɓangaren gabas tare da Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa. Ƙasar masara ce da dawa da shinkafa da waken suya. Jarin mutumin nan ƙafarsa ce da hannunsa, da su yake zuwa gona, da su yake taka babur zuwa kasuwa. Amma abin da ya sa mutanen waje suka san sunan garin ba amfanin gona ba ne. A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Kaduna ta tabbatar da kisan mutum 14 a hari guda a Kutemeshi, kuma wannan ɗaya ne kawai daga cikin abin da yankin ya gani. Shekaru aka yi hanyoyi ba sa biyuwa sai da rakiya ko da kasada, ma'aikatan lafiya da yawa suka bar ƙauyuka, kemis ya zama shi ne asibiti. Sai a ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu bayan sulhun da aka ƙulla da 'yan bindiga.

Wanda yake kwana da kunne ɗaya a waje ba zai tsaya tambayar abin da ya sa yatsunsa suke sagewa ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai ciwon suga da kuturta, masu lalata jijiya, ba su tsaya jiran sulhu ba. Duk tsawon shekarun nan suna ta ɓarnarsu a ɓoye, yanzu ne da ƙura ta ɗan lafa ya kamata a duba abin da suka yi.

Yadda take farawa

Galibi daga yatsun ƙafa lalacewar jijiya take somawa, ƙafa biyun a tare. Jijiyar da ta fi tsawo ita ta fi saurin jigata, wadda ta taso daga ƙugu ta kai babban yatsa kuwa ta kusa mita guda. Kamar fangalin da ke can ƙarshen lambu ne, shi ke fara bushewa idan ruwan inji ya ragu.

Masu fama da ita kowa da yadda yake kwatantawa. Wani ya ce tafin ƙafarsa kamar an zuba barkono. Wata ta ce kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Wani kamar ana tsira masa allura, wani kamar minjirya ta ja shi, wani kuma ya ce ƙafar ta yi masa nauyi kamar ba tasa ba, ko kamar auduga yake takawa. Da dare abin ya fi tsanani. Mayafi ma idan ya taɓa yatsu sai ya zama azaba, har mutum ya tashi ya dafa ƙafa a daɓe mai sanyi ko ya tsoma ta a bokiti. A hankali sagewar tana hawa kamar ana sa wa mutum safa. Idan ta kusa gwiwa sai kan yatsun hannu su ɗauka. A nan ne mace take kasa zura zare a allura, ta kasa tsintar tsakuwa a shinkafa, tukunya ta ƙone ta wajen tuƙin tuwo sai dai ta ga bororo daga baya. Dattijo ya daina jin ƙwayar carbi tsakanin yatsunsa. Ɗan acaɓa ya daina jin birki a ƙarƙashin ƙafarsa, wannan kuwa ba ransa kaɗai ya shafa ba.

Idan jijiyoyin motsi suka taɓu, sai gaban ƙafa ya riƙa ja a ƙasa, mutum ya yi ta tuntuɓe a inda bai saba ba, silifas ya zame ya bar shi a baya bai sani ba. Tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta rame. Tafiya cikin duhu ta zama wahala, domin da ido yake rama abin da ƙafa ta daina gaya masa. Shi ya sa wasu sukan yi tangaɗi da zarar sun rufe ido za su wanke fuska.

Akwai kuma alamomin da ba kasafai ake danganta su da jijiya ba. Ƙafa ta daina gumi, ta bushe, faso ya yi zurfi. Jiri ya ɗebi mutum in ya miƙe daga zaune. Ciki ya riƙa cika da ɗan abinci kaɗan, ko gudawa ta riƙa tashinsa cikin dare, ko fitsari ya ƙi ƙarewa. Ga maza kuma akwai raunin da ba a iya faɗa wa kowa, wanda ake ɗora wa basir, a yi ta sayen jiƙo a kasuwa alhali suga ne yake cin jijiya.

Matakin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda majiyyaci ya fi murna da shi. Bayan watanni ko shekaru na raɗaɗi, wata rana sai zafin ya ɗauke. Mutum ya yi hamdala, ya yaba wa maganin da ya sha na ƙarshe, ya ma kwatanta wa maƙwabci inda ake sayar da shi. Sau da yawa kuwa abin da ya faru shi ne jijiyar ta ƙarasa mutuwa, ba sauran mai kai ƙara. Daga ranar ƙafar ba ta da mai gadi.

Duk sanyi ne?

A ƙasar Hausa kusan duk ciwon da ya shafi ƙafa da gaɓoɓi suna ɗaya gare shi, sanyi. In ya daɗe a ce amosani, in ya ƙi jin magani a ce an taka wani abu da aka binne, ko jifa ne. Sai a shiga sassaƙe da turare, wanzami ya zo ya yi ƙaho ko tsaga, a gasa ƙafar a kaskon wuta ko a tsoma ta cikin ruwan zafi don a kori sanyin. Ban raina ƙoƙarin mutanen da asibiti ya yi wa nisa ba, kowa da abin da hannunsa ya kai yake neman sauƙi. Amma gaskiya ɗaya ce: tsaga a ƙafar mai ciwon suga ƙofa ce aka buɗe wa gyambo, ƙafar da ba ta ji kuma ba ta san lokacin da wuta ta wuce ɗumi ta koma ƙuna ba. Lokacin hunturu, da ake kwana da garwashi a ɗaki, shi ne lokacin da irin wannan ƙunar ta fi yawa. Kalmar sanyi ita kanta tana cutarwa, domin tana rufe tambaya. Da an ce sanyi ne, ba mai sake cewa daga ina.

Lalacewar jijiya kuwa kusan kullum 'yar aike ce, akwai wanda ya turo ta.

Babban mai turo ta a duniya ciwon suga ne. Idan suga ya daɗe da yawa a jini yakan lalata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da jijiyoyi, ya kuma illata jijiyoyin su kansu. Kusan rabin masu ciwon suga sukan gamu da wannan a tsawon rayuwarsu. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Har yanzu a ƙauye ana ɗaukarsa ciwon masu kuɗin birni, alhali manomi siriri ma yana kamuwa. Mutane da yawa zafin tafin ƙafa ne sallamar farko da ciwon yake yi musu. Hanyar da abin yake bi sananniya ce: ƙafa ta sage, ƙaya ta shiga, jini ba ya gudu sosai balle ciwon ya warke, ƙwayoyin cuta su samu wuri, ya zama gyambo, a ce daji ne, a yi ta shafe-shafe, sai ya yi wari ya yi baƙi a ɗauki mutum zuwa Zariya ko Kaduna, likita ya ce sai an yanke. Mafi yawan ƙafafun da ake yanke wa masu ciwon suga daga ɗan ƙaramin rauni suka fara.

Na biyu ita ce wadda ba a son ambata, kuturta. Mutane sun ɗauka ta ƙare, amma har yanzu Najeriya tana samun sababbin masu ita sama da 2,000 a shekara, ban da waɗanda suka ɓoye. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitan ƙasar Nowe mai suna Hansen ya gano a 1873. Ba gado ba ce, ba kuma baki ba ne. Takan yi shekara biyar a jiki kafin ta bayyana, wani lokaci har ashirin, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya karɓarta ko sun zauna da mai ita. Ita wannan ƙwaya jijiya take nema. Farkonta tabo ne da ya fi sauran fata haske ko ja, mai kama da kyasfi ko makero, sai dai ba ya ƙaiƙayi, ba ya gumi, in an shafa masa auduga ba a ji. Daga nan jijiyar gwiwar hannu ko ta gefen gwiwar ƙafa ta yi kauri, ƙaramin yatsa da na kusa da shi su lanƙwashe, ido ya ƙi rufuwa sosai. Yatsun kuturu ba faɗuwa suke yi da kansu ba. Ƙuna ce da yanka da ƙaya, ɗaya bisa ɗaya, a hannun da ba ya ji, su suke cinye su. Maganinta haɗin ƙwayoyi uku ne, wata 6 ko wata 12, kuma kyauta ake bayarwa tun 1995 ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Da an fara sha mutum ya daina yaɗa ta. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa baki ɗaya tana Saye, kusa da Zariya, a cikin jihar nan tamu. Abin takaici, maganin ya yanke a Najeriya kusan shekara guda saboda tsaikon ƙa'idojin shigo da shi, sai a watan Maris na 2025 ya iso. Jijiyar da ta mutu a wannan jiran ba za ta dawo ba.

Sai abin da ya shafi sana'ar yankin kai tsaye. Maganin feshi ya zama ɗan gida a kowace gona. Za ka ga yaro da tankin feshi a baya, ba riga ba takalmi, ya dama maganin da hannu, in bakin bututun ya toshe ya busa da baki. Akwai dangin magungunan ƙwari, irin wanda ake haɗa fiya-fiya da shi, da in suka shiga jiki da yawa sukan kawo amai da dalalar yawu da ƙuncin numfashi nan take. Mutum ya farfaɗo a ce ya tsira, bayan mako ɗaya zuwa huɗu sai sha-raɓa ta fara ɗaurewa, ƙafafu su saki. Da wuya iyali su haɗa wannan da wancan in ba an tambaye su ba.

Haƙar zinare ma tsohuwar sana'a ce a ƙasar Birnin Gwari, kuma maƙwabta sun riga sun ɗanɗana kuɗarta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, saboda ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, wadda ke iyaka da Birnin Gwari, yara aƙalla 28 suka rasu. Yaro ƙwaƙwalwarsa dalma take bugawa. Babba kuwa takan sa masa ciwon ciki da ƙarancin jini, sannan wuyan hannunsa ya saki ya kasa ɗaga shi. Ba kowane dutse ne yake ɗauke da dalma ba, amma ido ba ya bambancewa. Zaibar da ake kama zinare da ita, a ƙona hayaƙinta ya tashi, ita ma tana kawo karkarwa da sagewar yatsu.

Akwai wani kashi da shekarun tashin hankali suka bari. Mutumin da ya yi kwanaki ɗaure da igiya ko sarƙa a daji yakan dawo da hannun da ba ya ɗaguwa ko ƙafar da take ja, saboda ɗaurin ya danne jijiya. Irin wannan sau da yawa yana warwarewa cikin makonni ko watanni, musamman in ana motsa gaɓar. Amma jijiyar da harsashi ko adda ta tsinke sai an ɗinke ta, kuma tana da wa'adi. In aka haura shekara zuwa shekara da rabi, tsokar da take yi wa aiki ta riga ta lalace. Mutane sukan ga raunin waje ya rufe su ɗauka magana ta ƙare. Haka kuma allurar ɗuwawu a hannun wanda bai ƙware ba tana iya samun babbar jijiyar ƙafa, yaro ya shiga da zazzaɓi ya fito da ɗingishi. Shi ya sa ake yi wa ƙananan yara allura a cinya.

Wasu magungunan asibiti ma suna taɓa jijiya. Isoniazid na tarin fuka yana yi, don haka ake haɗa shi da bitamin B6, musamman ga masu ciki da masu ƙanjamau da masu ciwon suga. Metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, in aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba yana yi. Metformin na suga yakan rage bitamin B12 bayan shekaru. Ƙanjamau ita kanta tana yi. Ba a cewa a daina ko ɗaya daga magungunan nan, a gaya wa likita ne ya gyara. Giya da shaƙar sholisho suna cikin masu kashe jijiyar matasa. Ga kuma abinci: B12 a nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, satar shanu kuwa ta raba gidaje da yawa da ƙwaryar nono. Tun 1968 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya bayyana wata lalacewar jijiya mai sa tangaɗi da raunin gani da ji a tsakanin talakawan yankin Ijebu da suka dogara da rogon da ba a jiƙa ya tsima sosai ba. Darasi ne ga duk inda yunwa ta tura mutane cin rogo mai ɗaci da gaggawa.

Mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya bazu jihohin arewa, yakan dawo ta jijiya makonni bayan maƙogwaro ya warke: murya ta koma ta hanci, ruwa ya riƙa fitowa ta hanci, daga baya gaɓoɓi su yi rauni. Ciwon ƙoda ma yana kawo lalacewar jijiya, akwai ta gado, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko an bincika ba a gano sanadi.

Gwajin da bai wuce ɗan yatsa ba

Abin da ya sa nake ganin rashin gano cutar nan da wuri abin kunya ne gare mu shi ne arhar gwajinta. Rabin aikin tambaya ce. Yaushe ya fara, ƙafa ɗaya ko biyu, me kake sha, wace sana'a kake yi, akwai ƙishirwa da yawan fitsari, akwai tabo a jiki, an taɓa ɗaure ka ko an yi maka allura a wurin. Sauran rabin kuma a ce wa majiyyaci ya cire takalmi.

Ma'aikacin lafiya yana da ɗan zaren roba mai kama da na fatsa, wanda yake lanƙwashewa in nauyin da aka danna ya kai giram 10. Ana dafa shi a wurare a tafin ƙafa, mutum ido rufe, ya faɗi in ya ji. Akwai ƙarfe mai baki biyu da ake kaɗawa a ɗora a ƙashin babban yatsa a ji ko karkarwarsa tana isa, da 'yar gudumar roba da ake buga agara da ita. Inda babu ko ɗaya, likitocin asibitin Ipswich na Ingila sun fito da wata hanya a 2011 wadda kowa zai iya yi a gida. Majiyyaci ya rufe ido, wani ya taɓa kan babban yatsa da na tsakiya da ƙaramin, a ƙafa biyun, taɓi mai sauƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ba dannawa ba sosawa. Wuri shida ke nan. In bai ji biyu ko fiye ba, ƙafar tana cikin haɗari, a nufi asibiti.

Daga nan sai jini. Ɗigo ɗaya daga yatsa ya isa a auna suga. In mutum bai karya ba aka samu 126 ko sama, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka maimaita wata rana aka sake samu, ciwon suga ne. Ana duba ƙanjamau da ƙoda da yawan jini, wanda asibitin Jibril Mai Gwari da ke Birnin Gwari da makamantansa za su iya, sai B12 a inda ake da kayan aunawa. Gwajin da ake sa wa jijiya 'yar wutar lantarki a auna saurin saƙonta sai manyan asibitocin koyarwa, amma yawancin majiyyata ba sa bukatarsa kafin a fara taimakonsu.

Alamu uku ba sa jiran gobe. Raunin da ya fara daga ƙafa yana hawa cikin kwanaki, wanda likitoci ke kira Guillain-Barré, yana iya kaiwa ga numfashi. Ciwon ƙafar da ya kumbura, ya yi wari ko ya fara baƙi. Da kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, wanda dole a sanar da jami'an lafiya don a tabbatar ba shan inna ba ne. Shanyewar ɓarin jiki mai karkatar da baki daga ƙwaƙwalwa take, ciwo ne dabam, amma ita ma gaggawa ce.

Magani

Maganin farko shi ne a tare wanda ya turo ta. A daidaita suga, a sha maganin kuturta har ƙarshe, a cike bitamin da ya yi ƙaranci, a bar giya, a nisanci gubar. Jijiya tana tofowa in ba ta mutu gaba ɗaya ba, amma a hankali, kusan milimita ɗaya a rana, wato kamar faɗin babban yatsa a wata. Ta ƙarancin bitamin da ta danniya sukan warke. Ta ciwon suga da ta daɗe ba kasafai take komawa daidai ba, abin da ake nema shi ne a tsayar da ita inda ta kai. Duk mai cewa yana da jiƙon da zai tayar da ita cikin mako guda kuɗinka yake so.

Raɗaɗin jijiya ba ya jin magungunan ciwon jiki da aka saba. Diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda ba sa kashe shi, sai dai su ci ƙoda su ƙwaƙule ciki, mai ciwon suga kuwa dama ƙodarsa a kan siraɗi take. Tramadol ya riga ya yi wa matasanmu ɓarnar da ta isa. Waɗanda suke aiki su ne amitriptyline, wanda yake da arha ana sha kaɗan da dare, da duloxetine da gabapentin da pregabalin. Dukkansu sai da likita. Amitriptyline yana busar da baki yana sa barci, bai dace da wasu tsofaffi da masu ciwon zuciya ba. Pregabalin yana kama mutum, har ya shiga jerin abin da ake sha don maye. Sukan ɗauki makonni kafin a ji amfaninsu, kuma rage zafin suke yi har a samu barci, ba kasafai suke ɗauke shi duka ba. Allurar bitamin da ake yawan yi a kemis tana amfani ne ga wanda ya rasa bitamin ɗin kaɗai, B6 ma in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. Ga gaɓar da ta yi rauni akwai gashi da motsa jiki a hannun ƙwararru, da takalmi ko ɗaurin da ke tallafe ƙafar da take ja.

Ƙafa da alwala

Wanda jin ƙafarsa ya tafi, ido ne zai gaje shi. Mu kuwa Allah Ya ba mu damar da wasu ba su da ita, domin Musulmi yana kama ƙafarsa da hannunsa sau biyar a rana. Likitocin duniya roƙo suke a duba ƙafa sau ɗaya a yini. Abin da ya rage mana shi ne a haɗa wankin da kallo: tafi, diddige, tsakanin yatsu. Wanda idonsa ya yi rauni ya sa ɗa ko jika ya duba masa, ko ya ajiye madubi a ƙasa. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu, a shafa man kaɗanya a kan faso amma ban da tsakanin yatsun. Ruwan ɗumi a gwada shi da gwiwar hannu. Kada a fita ba takalmi ko da tsakar gida ne, kada a taka daɓen masallaci da rana ta gasa, a zazzage takalmi kafin a sa domin tsakuwa ko kunama. A je gona da takalmi mai rufi. Kada a yanke kaushi da reza, farce kuma a yanke shi a miƙe. Ciwo komai ƙanƙantarsa, in ya kwana biyu bai kama hanyar warkewa ba, na asibiti ne. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu da takalmi, ya rufe hanci, ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci. Mai haƙa kada ya kawo dutse ko kayan aikinsa cikin gida.

Yanzu da ake maganar sake buɗe makarantu da asibitoci a ƙasar Birnin Gwari, kira nake ga ma'aikatar lafiya ta jihar Kaduna da hukumar kula da lafiya a matakin farko da su sa na'urar auna suga da tsinkayenta da zaren gwajin ƙafa cikin kayan farko da za a kai Kutemeshi da Kuyello da Tabanni da Dogon Dawa, a kuma koya wa ma'aikata su riƙa cewa a cire takalmi. Waɗanda suka dawo daga daji da gaɓar da ba ta aiki a nemo su a tura su asibiti tun wa'adin jijiyarsu bai wuce ba. Limamai da masu unguwanni su faɗa wa jama'a cewa kuturta tana warkewa kuma maganinta kyauta ne. Kai kuma mai karatu, in akwai dattijo a gidanku da yake kukan zafin tafin ƙafa, ko wanda ya ce zafin ya ɗauke da kansa, yau da dare ka ce ya rufe ido ka taɓa masa yatsun nan shida. In bai ji biyu ba, ka kai shi a auna masa suga.